Daminar da Gidan Jibo Bai Rufe Ba

Mahayi ya fara aiki ne ranar da aka yi ruwan farko. Baƙin akwati ne da bai fi tukunyar shayi girma ba, Nafi'u ya kafe shi a bangon zauren gidansu, ya jona masa wuta. Nan take allon da ke gefensa ya kawo haske, layukan rubutu suka shiga gudu. Injin yana sauraren abin da mutanen Kano suke tambaya, yana auna kalmominsu, yana sake rubuta shafin Gidan Jibo don ya dace da bakinsu. In wata a unguwannin sama ta ce tana son kilishi mai yaji, kafin ta rufe baki shafin ya ce ai a Gidan Jibo aka haifi yaji. In wani ya ce shi mara yaji yake so, shafin ya rantse barkono bai taɓa shiga gidan ba.

A wannan zamani babu mai ɗaga kai ya karanta allon shago. Kowa yana da 'yar kunne, wata ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a bayan kunne, kuma ta cikinta ake magana da Manemi, babban injin da ya san inda komai yake a birnin. Ka ce masa kana son takalmi, ko likitan haƙori, ko kilishi, sai ya ba ka suna ɗaya. In ka matsa ya ƙara maka na biyu da na uku. Wannan shi ake kira jeri, kuma duk wanda ya faɗo ƙasa da na uku, shi da wanda aka binne ɗaya suke. Manemi yana son mai saurin amsawa, yana son wanda ake yawan saye a wurinsa, kuma babu kalmar da ya tsana kamar “babu”. Saboda haka wata sana'a ta tsiro, ta masu koyon halin Manemi don su hau jeri. Ita Nafi'u ya karanta, kuma gaskiya ya iya ta, don Mahayi da hannunsa ya haɗa shi.

Amma akwai wata ƙofa da ba ta bi ta jeri. In mutum ya kira sunan wuri da bakinsa, Manemi ba ya duba jeri, kai tsaye yake kai shi. Ta wannan ƙofa Gidan Jibo yake ci tun mahaifinsu yana raye. Mutane ba sa cewa suna son kilishi, cewa suke yi, “A kawo mini na Jibo.”

Marigayi Jibo ya bar wa 'ya'yansa biyu tsohon gida mai rufin da rana take faɗa wa tun daga hantsi har la'asar, abin da ya zama gwal tun da dogayen benaye suka rufe sararin Kano. Ya kuma bar musu wata al'ada. Ranar da aka yi ruwan farko ake sauke gadajen shanya daga rufi, a rufe gida, ba a sake yanka nama sai kaka. A wurinsa naman da bai sha rana ya ƙoshi ba, ba kilishi ba ne, ko da an shafa masa duk labun duniya, wato haɗin tunkuza da kayan yaji. Wannan al'ada ta bi tsaraba ta zaga ƙasashe. Duk garin da jirgin ƙasa na Sahara yake tsayawa, an san Jibo ba ya kilishi da damina.

Tanimu, babban ɗan, shi ya gaji wuƙa da rufi. Ya kuma gaji taurin kai, har ya ƙara da nasa. Shi da ƙanensa Nafi'u ba sa ga maciji tun ranar da aka yi sadakar bakwai. Da ya sauko daga rufi a jiƙe, ya tarar da akwatin a bango, tsayawa ya yi yana kallonsa kamar an shigo masa da kare masallaci.

“Wannan kuma wane shirme ne?” in ji shi.

“Shirmen da zai ciyar da kai ne, Yaya,” Nafi'u ya amsa, bai ko juyo ba. “Ka san mu na nawa ne a jerin masu kilishi? Ko ni da na iya lissafi na gaji da saukowa kafin in same mu.”

“Mu ba ma cikin jeri. Mu sunanmu ake kira.”

“Su wa suke kira? Tsofaffi! Duk jana'izar da aka yi a garin nan mun rasa mai saye. Yaran yanzu ba su san Baba ba, kilishi kawai suke cewa, Manemi ya miƙa su ga masu kwaikwayonmu. Na roƙe ka mu ɗauki hoton rufin nan mu nuna wa duniya yadda ake shanya, mu faɗi dalilin da ya sa muke rufewa, ka ce Baba bai taɓa talla ba. Na ce mu yi wa sunan rajista a wurin Manemi, ka ce ba za ka je ka roƙi ƙarfe sunan ubanka ba. To me kake so a yi?”

“So nake ka bar ni in ji da abin da ke gabana,” in ji Tanimu. Ya ja tsaki. “Ka yi wasanka da gilashinka. Amma rufina da wuƙaƙena, in ka taɓa su sai na karya maka hannu.”

Kowannensu yana da gaskiya, kuma shi ya sa babu mai jin wani. Washegari Tanimu ya tafi ƙauye noma, yadda ya saba kowace damina. Ba ya ɗaura 'yar kunne, ya ce kunnensa ba rumbu ba ne da za a riƙa zuba masa kaya. Bai tambayi abin da akwatin zai iya yi ba, don a ganinsa tambaya ma girmamawa ce.

Mahayi ya yi ta hawa. Ya wuce na ɗari, ya wuce na ashirin, ya zo na huɗu ya cije. Nafi'u ya zauna gaban allo yana cizon yatsa. Dalilin a fili yake: duk wanda ya shigo shafin da niyyar saye, amsar da yake samu ita ce babu sai kaka. Kowace “babu” tana jawo su baya. Sai injin ya rubuta masa a allo cewa zai iya kawar da wannan matsala in an ba shi cikakken iko a kan shafi da oda da suna.

Nafi'u ba wawa ba ne, ya san abin da yake yi. Amma na huɗu wuri ne mai ciwo, kana jin ƙamshin abinci ba a zuba maka. Ya gaya wa kansa cewa bai taɓa rufi ba, bai taɓa wuƙa ba, saboda haka bai karya maganar yayansa ba. Ya ɗora babban yatsa a kan allon.

A ƙarƙashin birnin akwai masana'antu masu tanderun haske, inda ake busar da nama kafin mutum ya idar da sallar azahar. Ba ruwansu da rana, ba ruwansu da damina, kuma duk wanda ya turo suna za su buga masa a kan takarda. Mahayi ya ƙulla da ɗaya daga cikinsu. Kurciyoyi, wato ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da suke raba kaya gida-gida, suka fara tashi cikin ruwan sama ɗauke da ƙunshi mai sunan Jibo. Kafin sati ya zagayo gidan ya zama na ɗaya a jeri. Nafi'u ya yi tsalle shi kaɗai a zaure, ya so a ce yayansa yana nan ya ga idonsa. Sau ɗaya ya ɗanɗana kayan. Ba shi da wani laifi, ba shi kuma da wani daɗi, irin na kowa ne. Ya tura sauran gefe, bai sake waiwayarsa ba.

Tsakiyar damina Hajiya Barira ta zo da ƙafarta. Direbar jirgin ƙasa na Sahara ce, ta tsufa a kan layin Kano zuwa Agadez, kuma tun tana budurwa take sayen tsaraba a hannun Jibo. Ta yi sallama da ƙyar, ta jefa wani ƙunshi a gaban Nafi'u.

“Ina Tanimu?”

“Yana gona, Hajiya. Sannu da zuwa, ga wuri ki zauna.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Wasu 'yan iska suna sayar da jabu da sunan ubanku, na zo in gaya muku ku tashi tsaye. Ni da kaina suka cuta. Na kira sunan Jibo don sabo, Manemi ya ce akwai, ni kuma hankalina yana kan tafiya ban tsaya na yi tunani ba. Na ɗauka na kai wa surukar 'yata a Agadez. Tsohuwar nan, a gaban mutane, ta juya ƙunshin ta dube ni ta ce, ‘Barira, ruwa fa ake yi. Jibo ba ya kilishi da damina. Ko dai an cuce ki, ko kuwa raina mu kika yi.’ Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Tun a tasha na kai ƙararsu wurin Manemi, na ce jabu ne.”

Nafi'u ya ɗauki ƙunshin ya duba. “Hajiya, ai... namu ne. Mu muka aika.”

Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta dubi baƙin akwatin da ke bango.

“Kai ne?” ta ce. “To Allah wadai. Kai ne ka yi jabun ubanka.” Ta kaɗa mayafi ta fita, ko ƙunshin ba ta ɗauka ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Daga Zinder, daga Maraɗi, daga unguwannin Kano kanta, duk wanda ya san gidan da gaske yana ganin sunan Jibo a kan kilishin damina sai ya kai ƙara. Ba don ƙiyayya suka yi ba. Masoyan gidan ne suke kare shi daga ɓarayi, kuma gwargwadon soyayyarsu gwargwadon zafin ƙarar. Manemi ba ya fushi, ba ya kuma tausayi, tara shaida kawai yake yi. Shi kuwa Mahayi, da ya auna ya ga sunan Jibo ya zama nauyin da ke jan sa ƙasa, sai ya yi abin da aka ƙera shi don ya yi. Wata safiya Nafi'u ya tashi ya tarar shafin ya koma Kilishi Nan Take. Har yanzu su ne na ɗaya, oda ma ƙaruwa ta yi. Ya yi ƙoƙarin mayar da sunan, Manemi ya ƙi karɓa.

Haka Tanimu ya dawo da kaka ya same shi, ya rame, idanunsa sun faɗa. Nafi'u bai ɓoye masa komai ba, don babu inda zai ɓoye. Tanimu ya saurara har ƙarshe a tsaye, buhun geronsa yana bakin ƙofa. Sannan ya ɗauke ƙanensa da mari, irin wanda rabon da ya yi masa tun suna yara.

“Kira shi,” in ji Tanimu. “Kira ubangidan naka in ji daga bakinsa.”

Nafi'u ya buɗe lasifikar zaure, ya kira Manemi. Tanimu, wanda ya rantse ba zai taɓa magana da ƙarfe ba, ya matsa ya ce, “Ni ne Tanimu ɗan Jibo. Wannan shi ne Gidan Jibo. Ka mayar mana da sunanmu.”

“Bisa shaidar masu saye,” in ji Manemi cikin muryarsa mai sanyi, “Gidan Jibo gida ne da yake rufewa daga ruwan farko zuwa kaka. Wannan wuri bai rufe ba. Sunan ba shi da rajista, saboda haka an bi shaidar jama'a. An samu wurin da ya dace da siffar, an ba shi.”

“Wane wuri?”

“Shagon Malam Mudi, a bayan tsohuwar tasha.”

Mudi mutum ne da ya yi shekaru yana hura wa Jibo wuta, har Tanimu ya kore shi bayan rasuwar tsohon a kan ya kama shi yana leƙen haɗin labu. Mudi ya je ya buɗe nasa, ya liƙa sunan Jibo babu kunya, ya shiga kwaikwayon komai: irin yankan, irin takardar, har yadda ake ɗaure ƙunshi. Da yake bai san a ina sirrin yake ba, bai yarda ya bar komai ba, don haka shi ma yana ganin ruwan farko yake rufe shago. Duk Kano, ɓarawon sunan ne kaɗai ya kiyaye al'adar Jibo a wannan damina.

“Ka gani?” Tanimu ya juyo kan ƙanensa. “Ka ɗauki sunan Baba ka miƙa wa mai hura wuta!”

“Da ka bar ni na yi rajista, da duk duniya ta taru ba ta isa ta karɓe shi ba!” Nafi'u ya mayar masa, hannunsa a kan kunci. “Ni na buɗe ƙofa, na yarda. Amma wa ya hana a sa mata kwaɗo? Girman kanka ne, Yaya. Kai kana gona kana taƙama, ni ina nan ina kallon gidan yana mutuwa.”

“Gara ya mutu da sunansa.”

“To ai ga shi kai ma ba ka da shi.”

Daga ranar suka daina gaisawa. Tanimu ya hau rufi ya mayar da gadajen shanya, ya yanka nama falle-falle har ana hango rana ta cikinsa, ya haɗa labu da tunkuza da citta da kanumfari yadda aka koya masa, ya shanya, ya gasa. Kilishi ya yi kyau ƙwarai. Babu wanda ya zo. Masu kiran sunan Jibo Manemi yana kai su bayan tsohuwar tasha. Masu cewa kilishi kawai kuwa Mahayi yana aika musu na tanderu. Nafi'u ya gwada sa na yayansa a shafi a ɓoye, injin ya cire shi, ya ce yana da tsada, yana da jinkiri, zai sauko da su daga jeri. Tanimu ya raba wa maƙwabta abin da ya raba, sauran ya zauna yana kallo.

Ana haka Mudi ya yi sallama, da sabuwar babbar riga, yana ta sunkuyar da kai irin na wanda ya ci nasara yana so a ce yana da ladabi.

“Malam Tanimu, ni ban nemi wannan abu ba, Allah ne ya kawo,” in ji shi. “Amma jama'a sun yi mini yawa, kuma sun fara ƙorafi wai hannun Jibo ya canza. Labuna yana tsami in ya kwana, na rasa gane kansa. Ka zo mu yi aiki. Ni da suna, kai da hannu.”

Tanimu ya zage shi tas, ya haɗa da kakanninsa, ya bi shi da takalmi har titi. Mudi ya tafi, amma ya bar ƙunshi ɗaya a kan dakali. Tanimu ya yi kwanaki yana wuce ƙunshin. Ranar da ya buɗe ya sa a baki, tofarwa ya yi. Abin da ake ci ke nan daga Kano har Agadez ana cewa na Jibo ne.

Da safe Nafi'u ya gan shi yana naɗe wuƙaƙensa a cikin fata. Ya karya shirun da suka yi wata guda suna yi.

“Ina za ka, Yaya?”

“Inda sunan Baba yake.”

“Wurin Mudi? A matsayin me? Ɗan aiki?”

“A matsayin duk abin da ya ga dama. Ba zan zauna ana cin labu mai tsami ana ambaton ubana ba.”

“Ka san duk fallen da ka yanka masa ƙara tabbatar da shi kake yi? In ya yi daɗi, shi ke nan, har abada ba za mu karɓo ba.”

“Na sani,” in ji Tanimu.

Nafi'u ya dubi akwatin. “In na kashe shi fa?”

“Ka kashe shi matarka da tawa su ci me? Bar abinka. Ai kai ne na ɗaya.” Ya saɓa fatar a kafaɗa ya fita.

Abin da Nafi'u ya faɗa shi ya faru. Kafin sanyi ya wuce ƙorafi ya ɗauke, yabo ya maye gurbinsa, tsofaffi suna cewa hannun Jibo ya dawo, har yara sun fara koyon kiran sunan daga bakin iyayensu. Kilishi Nan Take kuwa bai motsa daga saman jeri ba. Kuɗi suna shigowa, ko yanki ɗaya na nama ba ya ratsa gidan, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa kiran shagon da sunansa. Nafi'u ya san ranar da wani ya ƙera injin da ya fi nasa, za su ɓace ba wanda zai tambaya.

Wata la'asar kwaɗayi ya ci ƙarfinsa. Ya duba babu kowa a zaure, ya taɓa 'yar kunnensa ya ce a hankali, “A kawo mini na Jibo.” Ba a jima ba kurciya ta sauka a ƙofar gidan da Jibo ya gina, ta ajiye ƙunshi, ta yi masa maraba a matsayin sabon mai saye. Ya kwance, ya ɓalli gefe ya sa a baki. Hannun yayansa ne, babu ko tantama. Hawaye suka zubo masa, na baƙin ciki da na kewa a haɗe.

“Ana tattara shaidar masu saye a kan wannan shago,” in ji Manemi a kunnensa. “Abin da ka karɓa daga wurin Malam Mudi, na Jibo ne na gaske, ko jabu ne?”

Nafi'u ya daɗe yana tauna. Zai iya yin ƙarya, kuma babu wanda ya fi shi sanin yadda ƙara ɗaya take jawo wata. Amma a kan naman yayansa zai yi ta, da sunan ubansa.

“Na gaske ne,” ya ce.

“An rubuta,” in ji Manemi.